Bututun da Ya Bushe: Yadda Rigimar Duniya ke Isowa Gidan Manmu

Tankokin man da ke bin titin Azare zuwa Potiskum, wasu su sauke a yankinmu, wasu su zarce Damaturu da Maiduguri, mafi yawansu sun ci tafiyar fiye da kilomita dubu kafin su iso Bulkachuwa. Daga Legas suke ɗaukowa, ko Warri, ko Fatakwal. Yaranmu sun taso sun tarar da haka, har suna ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali akwai lokacin da direban tanka ba ya wuce Kano ko Gombe, ya yi lodi ya juyo ya kwana a gidansa. Yadda aka yi muka samu wannan sauƙi, da yadda ya suɓuce mana, labari ne da ya bi ta Masar da Saudiyya da Ingila da Rasha. Shi za mu bi a wannan fitowa, domin kuɗin kowace lita da muke saya yau a cikinsa aka yanka shi.

Kakanninmu da suka kafa wannan zango fatake ne. Jaki da raƙumi da takarkari ne motarsu, harawa da dusa ne mansu. Da dare aci-balbal ake kunnawa da man gyaɗa, girki kuwa kara da itace. Babu wani sarki a bayan teku da zai yi fushi fitilar ɗakinmu ta mutu. Abin ya fara sauyawa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa, suna kawo kananzir a gwangwani da fitilar ƙwai, motocin lodi suka shiga kwasar gyaɗar ƙasar Katagum. Daga nan muka shiga sahun masu jiran abin da jirgin ruwa zai kawo.

Yaƙin Hitila ne ya fara nuna mana ma'anar wannan jira. Tun daga 1940 Ingila ke harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su taso su bi ta Kano da Maiduguri su nufi Masar. Man da ya shigo ƙasa soja ne kan gaba, farar hula sai an yi musu rabo. Taya ta yi wuya, kananzir ya yi wuya, har gishiri sai da ya zama abin nema. Sai dai mutanen wancan zamani suna da wurin komawa. Jakunan suna nan a turke, aci-balbal tana nan a kusurwar ɗaki, aka kakkaɓe ta aka ci gaba da rayuwa. Mu yau in injin niƙa ya tsaya, gida nawa ne ke da dutsen niƙa?

A 1956 kamfanin Shell-BP ya tono mai a Oloibiri, can cikin fadamun kudu. A wannan shekarar dai Shugaba Gamal Abdul Nasir na Masar ya karɓe mashigin ruwan Suwez daga hannun Turawa, Ingila da Faransa da Isra'ila suka far masa, mashigin ya toshe na watanni, har sai da Ingila ta koma rabon fetur da takarda a cikin gidanta. Turai ta ɗauki darasi: tana bukatar man da ba sai ya ratso ta Suwez ba. Namu kuwa ga shi a bakin Tekun Atalantika, mara nauyi, mai sauƙin tacewa. A 1958 aka fara fitar da shi waje. A 1965 aka buɗe matatar farko kusa da Fatakwal. Layin dogo ya riga ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, kuma da tashar ruwan Fatakwal ɗin aka haɗa shi. Wato hanyar manmu ta farko daga gabas ta fito.

Ba ta daɗe ba aka datse ta. A watan Yuni na 1967 yaƙin kwana shida ya sake rufe Suwez, wannan karon har zuwa 1975. Wata guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke a gida, matatar ƙasar guda ɗaya tilo da tashar ruwanta suna hannun Biyafara. Juyin mulkin 1966 da kashe-kashen da suka biyo bayansa su ne tushen yaƙin, kada wani ya ce mana mai ne kaɗai. Amma mai ya taimaka wa manyan ƙasashe wajen zaɓen gefe. An yi ta ja-in-ja kan wanda Shell-BP zai biya kuɗin haƙa, Legas ko Inugu. Ingila, wadda rufe Suwez ya matse, ta tsaya wa Gowon. Faransa, mai kamfanin Safrap a yankin, ta karkata ga Ojukwu. Tarayyar Sobiyet ta ga ƙofa a buɗe ta turo jiragen yaƙi. Sojojin tarayya sun kama Fatakwal a watan Mayu na 1968, amma matatar sai bayan yaƙi ta koma aiki. A tsakanin nan man arewa sai ta Legas.

Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Sai ga Oktoban 1973, cikin watan azumi, Masar da Siriya suka gwabza da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa, Sarki Faisal na Saudiyya kan gaba, suka rage haƙo mai, suka hana Amurka da Holan ko ɗigo. Gangar da ake sayarwa wajen dala 3 ta kai kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila, amma ba ta shiga takunkumin ba, ta ci gaba da sayarwa kan sabon farashi, tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 kullum. Kuɗi ya zubo irin wanda ba a taɓa gani ba.

Dattawanmu ba da wannan suke tuna 1973 ba. Da fari suke tuna ta. Gero ya ƙone, shanu suka faɗi, mutanen arewa da mu suka yi ta kwararowa neman abinci. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta ƙarasa abin da fari ya bari, dalar gyaɗa ta Kano ta baje ba ta sake tashi ba. Abin da ƙasar Katagum ke sayarwa duniya ta samu kuɗin kanta ya mutu a daidai lokacin da mai ya zama uban kowa. Tun daga nan albashin malamin makaranta, da kwaltar titi, da maganin asibiti, duk suka rataya a kan farashin ganga.

Ga abin mamaki kuma: cikin wannan daular aka fara dogon layi a gidajen mai. Ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata sayen babura da motoci, Fijo ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, matata kuwa guda ce, ganga dubu 60 take iya tacewa a rana. Tashar Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti, jirgin fetur ya rasa wurin saukewa. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Oputa a 1975 kan ƙarancin mai, kuma daga wannan matsi aka fito da tsarin da har gobe shi ne mafi hankali da aka taɓa yi wa mutanen nesa da teku irinmu.

Tsarin ƙafa uku gare shi. Ta farko, farashi ɗaya a duk faɗin ƙasa. Aka kafa asusun daidaita farashi a 1975, wanda ke biyan mai tanka kuɗin nisan da ya yi, domin mutumin Azare ya sayi lita kamar yadda mutumin Apapa ke saya. Ta biyu, ƙarin matatu. NNPC ta kafu a 1977, matatar Warri ta buɗe a 1978, ta Kaduna kuma, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, Shugaba Shehu Shagari ya buɗe ta a 1980. Daga baya aka ɗaga ƙarfinta zuwa ganga dubu 110 a rana. Ta uku, wadda ta fi shafarmu, ita ce bututu. Aka binne wani dogon bututu mai ɗauko ɗanyen mai daga gaɓar teku ta Warri har Kaduna. Abin da aka tace a Kaduna kuma aka raba shi: reshe ɗaya ya bi Zariya zuwa daffon Hotoro a Kano, da wani zuwa Gusau, ɗaya reshen ya hau Jos ya gangaro Gombe ya wuce Maiduguri. Mu muna zaune ne tsakanin daffo biyu. Tanka ta fita da safe ta dawo da yamma. Kananzir ya wadata har matan ƙauye suka san risho, itatuwan dajinmu suka ɗan huta da gatari. A 1978 lita kwabo 15 ce da ɗan ɗoriya, a 1982 kwabo 20.

Duk wannan da kuɗin yaƙin 1973 aka yi shi, kuma a nan lagonsa yake. Injinan na waje ne, kayan gyaransu da dala ake saya, masu gyaran ma sau da yawa daga waje ake ɗauko su. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. An tsara wani sashe na matatar Kaduna ne domin fitar da man juye da kwalta, kuma ɗanyen manmu bai dace da wannan aiki ba saboda rashin nauyinsa. Sai an sayo mai kauri daga Benezuwela ko Kuwaiti ko Saudiyya, a sauke shi a bakin teku, a turo shi ɗaruruwan kilomita zuwa Kaduna. Matatar arewa kenan, amma rabin cikinta a kasuwar duniya yake ci. Muddin akwai dala a baitulmali, ba wanda ya damu.

A waɗancan shekaru mu ma mun ɗaga mai a matsayin sanda. Nijeriya ce ta biyu wajen sayar wa Amurka ɗanyen mai, shi ya sa Murtala ya iya yin fatali da wasiƙar Shugaba Ford kan batun Angola a farkon 1976. A 1979 kuma, ana gab da taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, Obasanjo ya ƙwace hannun jarin BP saboda man da ke sulalewa zuwa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, da kuma take-taken gwamnatin Thatcher kan Rodeshiya. Masu shekaru cikinmu sun ga ranar da aka sauke allon BP a gidajen mai aka ɗora AP.

Sandar ba ta daɗe a hannunmu ba. Juyin juya halin Iran na 1979 ya kai ganga wajen dala 35, tsadar ta sa Turawa tsimi da neman wasu rijiyoyi. Ingila da Norway suka buɗe na Tekun Arewa, mai irin namu sak, kuma a ƙofar gidan masu saye. Daga 1981 kasuwa ta cika ta batse. Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, a farkon 1983 aka kori baƙi, ciki har da 'yan Nijar da 'yan Gana da wasunmu ke cuɗanya da su a zangunan kurmi. A 1986 Saudiyya ta gaji da rage haƙo ita kaɗai, ta buɗe famfo, ganga ta faɗo ƙasa da dala 10. Babangida ya ƙi karɓar bashin IMF da baki, amma ya ɗauki sharuɗɗansa da sunan SAP. Aka karya naira, lita ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39 da rabi. Da aka ƙara ta zuwa kwabo 42 a Afrilun 1988, ɗaliban Jos suka fito, tarzoma ta bazu garuruwa. Ƙarin kwabo biyu da rabi fa.

Abin da bai fito a jarida sosai ba shi ne wanda ya fi yi mana illa. Matata kamar mota ce, tana da lokacin da za a kashe ta a kwance a yi mata garambawul, kusan duk shekara biyu. Da dala ta yi wuya aka shiga ɗage wannan gyara. Wani zai ce ai talauci ne ya jawo. To, a watan Agusta na 1990 Saddam ya mamaye Kuwaiti, farashi ya yi sama, kuɗi ya sake shigowa. Kwamitin Okigbo ya ba da rahoto a 1994 cewa dala biliyan 12 da miliyan 400 sun bi ta wasu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994, mafi yawansu ba a kan abin da zai amfani ƙasa aka kashe ba. A nan kam ba Balarabe ba Bature, hannunmu ne.

Shekarun Abacha su suka haifi ɗan bumburutu yadda muka san shi. Soke zaɓen 12 ga Yuni ya kai ga yajin aikin ma'aikatan mai a 1994, na wajen wata biyu, ƙasa ta tsaya cak. Rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 ya sa aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, aka ƙaƙaba wa sojoji takunkumi. Amma ku lura, ba wanda ya daina sayen ɗanyen manmu. Jiragen ruwa suna ta lodi zuwa Amurka da Turai, mu kuma muna kwana biyu uku a layi. A hukumance lita naira 11 ce, a galan ɗin bakin titi kuwa sai abin da mai shi ya faɗa. Wani kason kuma yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, inda farashi ya ninka namu. PTF ta yi tituna da magunguna da rarar kuɗin, wannan ba a musu. Matatar Kaduna dai tana tari, bututu yana shan sara daga ɓarayi, har gobarar Jesse ta 1998 ta ci mutum wajen dubu.

Mulkin farar hula ya samu ganga ta haura dala 100, ya zaɓi hanya mai sauƙi: a sayar da ɗanye, a sayo tatacce daga Turai, gwamnati ta cike giɓin da sunan tallafi. Daffon Gombe da na Kano suka koma wurin da tankokin Legas ke zuwa a buga musu hatimi. Jonathan ya gwada cire tallafin ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito, aka tsaya a 97. Can a Amurka kuwa an gano dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa a tatso mai. Ƙasar da ke sayen ganga wajen miliyan guda a wurinmu kullum ta wayi gari a watan Yulin 2014 ba ta sayi ko ɗaya ba. Saudiyya ta ƙi rage haƙo don ta karya waɗannan sababbin 'yan kasuwa, ganga ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Jihohi suka kasa biyan albashi, dala ta ɓace, kuma a cikin wannan arahar ta duniya aka ɗaga mana lita zuwa naira 145. In ganga ta tashi mu biya, saboda tatacce muke sayowa. In ta faɗi mu biya, saboda naira ta karye.

Shekarar 2022 ita ta tona asirin komai. A watan Fabrairu aka gano cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam gurɓatacce ne, aka janye shi, layi ya dawo. Kafin a farfaɗo, ranar 24 ga watan Rasha ta afka wa Yukiren. Ganga ta haura dala 120. A 1973 irin wannan labari biki ne a Legas. A 2022 kuwa matatun gwamnati huɗu, masu ƙarfin ganga dubu 445 a takarda, duk a rufe suke. Satar ɗanyen mai ta sa haƙonmu ya faɗo ƙasa da ganga miliyan guda a watan Agusta, har Angola ta sha gabanmu. Tallafi kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a shekarar. Turai kuma, wadda ta saba shan dizal ɗin Rasha, ta shiga wawar na ko'ina. Dizal ba shi da tallafi, sai ya tashi daga wajen naira 300 zuwa 800. To tanka da me take tafiya? Masu tankoki suka ce kuɗin dakon da gwamnati ke biya ba ya mayar musu da na dizal zuwa arewa, da yawa suka ajiye motocinsu. Da bututun Kaduna zuwa Gombe na aiki, da wannan kaso na wahalar bai same mu ba. Kananzir ya haura naira dubu, risho ya koma kayan tarihi, buhun gawayi ya cika bakin titi, kuma kowa ya san daga dajin da yake fitowa.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Kwana biyu bayan haka NNPC ta fitar da sabon farashi: Legas naira 488, Maiduguri da Damaturu 557. Mutane sun fi kallon tsallen da aka yi daga ƙasa da naira 200, amma wannan bambanci na naira 69 shi ma labari ne. Ƙafar farko ta tsarin 1975 ce ta karye. Daga ranar nisa ya koma wuyan mai saye, kuma mu ne na nesa. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500. A Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta kai ga dokar hana fita a ƙaramar hukumarmu ta Katagum, a Kano kuma aka ga matasa da tutar Rasha, ƙasar da yaƙinta ke cikin abin da ya tsauwala musu dizal. Kafin shekara ta ƙare lita ta haura naira dubu. Ɗan acaɓa ya ninka kuɗin ɗauka, mai injin markaɗe ya ninka, masu noman rani a fadamun kogin Jama'are wasu suka rage fili, wasu suka juya injin ban ruwa zuwa tukunyar gas.

Wutar lantarki ma ta shiga wannan rawa, kuma a nan mu ne muka riƙe wuƙar. Tun bayan gina madatsar Kainji a 1968 Nijeriya ke sayar wa Nijar wuta, jami'anmu sun sha faɗa cewa ana yi ne don kada maƙwabciyar ta tare kogin Kwara daga sama. Da sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta katse layin da ke ba Nijar wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu, kuma akwai 'yan uwanmu na jini a can. Sai a farkon 2024 aka janye. A watan Oktoba na wannan shekarar muka ɗanɗana irinta: 'yan bindiga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke hawowa ta Makurɗi ya samu matsala, arewa kusan gaba ɗaya ta yi kwana da kwanaki ba wuta. Miliyoyin mutane a kan igiya biyu.

Yanzu ido ya koma Kolmani, kan iyakar Alkaleri da jihar Gombe. Shell ta haƙa rijiya a wurin a 1999 ta tafi. NNPC ta dawo ta shelanta samun mai a Oktoban 2019, Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin ranar 22 ga Nuwamban 2022, aka yi maganar ganga biliyan guda da matata da tashar wuta da masana'antar taki. Muna fata, jiharmu ce. Sai dai aikin ya zo a zamanin da bankunan Turai ke ja da baya daga ba da bashin haƙar mai saboda batun ɗumamar yanayi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, an gina lissafinsa kan bashin Chaina, bashin bai zo yadda aka zata ba, aikin ya yi ta jan ƙafa. Turawan da suka ce a bar gas a ƙasa su ne suka dawo nemansa da Rasha ta rufe musu famfo, har aka farfaɗo da maganar bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya a Yulin 2022. Shekara guda bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai. Kuma ko an haƙo na Kolmani gobe, tarihin Oloibiri ya isa ya sa mu tambayi wakilanmu a ina za a tace shi, ta wane bututu zai zo mana, da kuɗin wa za a riƙa gyarawa.

Matatar Dangote a Lekki, mai ganga dubu 650, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, ta kuma rage mana jiran jirgin Turai. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma tana bakin teku, tanka ce dai za ta kawo, kuma farashinta na bin dala da ganga. Wani ɓangare na ɗanyen da take tacewa ma daga Amurka ake sayo shi, saboda an riga an jinginar da wani kason namu wajen cin bashi. A 2023 an ba kamfanin Daewoo na Koriya kwangilar gyaran matatar Kaduna kan dala miliyan 740 da ɗoriya, masu tankokinmu dai har yanzu kudu suke nufa.

Mu a nan unguwa abin da hannunmu ya kai shi muke yi. Rufin masallaci da na shagunan caji ya cika da faifan sola, masu hali cikin manoman rani suna haɗa kuɗi su sayi famfo mai aiki da rana, wanda ba ruwansa da layin gidan mai. Faifan da batirin kusan duk daga Chaina suke zuwa, ta jirgin ruwa, kuma ɗan kasuwar da ke kawo su Kano sai ya duba farashin dala da safe kafin ya faɗi kuɗinsu.